Kafin a Tone Saiwar Ƙarshe: Kare Tsirran Daji Masu Jure Fari a Ƙasar Augie

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan muhalli a Augie, Jihar Kebbi



Gabatarwa

Idan ana maganar kare daji a kwarin Rima, hankali yakan tafi kan manyan itatuwa irin su giginya da goriba da kuka. Wannan takarda ta karkata ne ga ƙananan tsirrai masu tara ruwa a jikinsu, waɗanda ke zaune a kan fako da tsakuwa da jigawa: aguwa, kariya, tinya da karan masallaci. A wasu ƙasashe 'yan kasuwa da masu sha'awar ado sun kusa ƙarar da takwarorinsu. Hujjata ita ce, har yanzu muna da sarari, kuma a cikin al'adar Kabawa akwai tsarin da zai iya tsare su.

Abin da ya sami kaktus

Kaktus, ɗaya daga cikin waɗannan takwarori masu tara ruwa, ɗan asalin nahiyar Amurka ne. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittu ta fitar da sakamakon bincike kan nau'o'insa kusan 1,480, inda aka gano kashi 31 cikin ɗari na fuskantar ƙarewa. Cikin manyan dalilan har da tonowa daga daji don sayar wa masu tara tsirran ado a Turai da Asiya. A 2020 jami'an Italiya suka kama kaktus sama da dubu da aka sato daga hamadar Atakama ta ƙasar Chile, aka mayar da mafi yawansu gida a shekarar da ta biyo baya. A jihar Arizona ta Amurka, sai da masu gadin gandun Saguaro suka riƙa dasa 'yar na'urar shaida a jikin tsirran don gano wanda aka sata. Afirka ma ba ta tsira ba. Tun wajen 2019 ake kwasar ƙananan tsirrai masu tara ruwa daga yankin Namakwaland na Afirka ta Kudu, ana aika su ƙetare ta hanyar cinikin intanet.

Abu guda ya haɗa waɗannan labarai. Tsiron da ke rayuwa cikin fari a hankali yake girma. Wanda aka tone cikin minti biyar zai yiwu ya shekara ashirin ko fiye a wurin, kuma masu saye tsohon suka fi so.

Namu na gida

Aguwa kowa ya san ta a shingen gona da gefen burtali. Reshenta kawai ake yankewa a kafa, ta kama, dabbobi kuma ba su damu da ita ba saboda ƙaikayin ruwanta. A arewacin Sakkwato da ƙasar Nijar da ita ake tare yashi idan ya fara cin gona. Tinya 'yar'uwarta ce, mai farin ruwa mai dafi da mafarautan dā suka sani sarai. Kariya mai ƙaton gindi ce, takan yi fure ja-ja da rani lokacin da komai ya bushe, wannan kyau ne ya kai ta tukwanen ado a gidajen Abuja da Kano, har ƙasar Tailan ta mai da renonta sana'a. Karan masallaci kuwa yakan laɓe ƙarƙashin ƙaya ko tsakanin duwatsu, masu magani suna nemansa. Sunansa na kimiyya yana ɗauke da sunan likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya kuma wallafa kundin sunayen tsirrai na Hausa a 1916.

Inda matsalar take

Na farko shi ne matsin ƙasa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, fadama ta ƙara daraja. Idan fadama ta cika, dabbobi da sabbin gonaki sukan hau tudu, a share abin da ake kira wofin daji, a kuma banka masa wuta.

Na biyu shi ne yadda ake ɗiba. Mai magani na asali yakan yanki abin da yake bukata ya bar uwar. Mai cika buhu don kasuwar birni tumɓukewa yake yi har saiwa. Haka mai neman kariya don ado, tsohuwa mai babban gindi yake so, ita ce kuma mai zubar da iri.

Na uku shi ne baƙi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Masu zuwa biki sukan so ganin gidan tarihi na Kanta da kufan Surame. Alheri ne, amma mota da babur da ke barin hanya suna take tsirrai, hoton wayar salula kuma yakan ɗauki bayanin ainihin wurin da aka tsaya. Ta irin wannan hanya masu fasa-ƙwauri a wasu ƙasashe ke gano maɓoyar tsirrai.

Doka da giɓinta

Nijeriya na cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin halittu masu ƙarewa tsakanin ƙasashe, tana kuma da dokar kare halittu masu ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016, hukumar NESREA na cikin masu sa ido. Yarjejeniyar ta shafi kaktus da dangin tinya masu tara ruwa, amma ba ta ambaci kariya da karan masallaci ba. Ƙari a kan haka, aikinta a kan iyakar ƙasa yake. Wanda ya tone tsiro a dajin Augie ya kai Kano bai gamu da ita ba.

Tsarin da muke da shi

A Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu, Sarkin Ruwa ne ke riƙe da ruwa. Ana hana kamun kifi a wurin har zuwa ranar biki, shi ya sa masunta ke fitowa da giwan ruwa. Jama'a na bin wannan doka don sun san mai ita, sun kuma ga amfaninta da idonsu. Abin da ya yiwu a ruwa zai yiwu a tudu: wuri sananne, lokacin ɗiba sananne, da mai alhaki wanda kowa ya san gidansa.

Shawarwari

1. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero su ƙidaya waɗannan tsirrai gunduma-gunduma tare da mafarauta da makiyaya, a bar taswirar a hannun hukuma da masarauta.
2. Kowane dagaci ya keɓe fako guda da ba a tono ko ƙuna a cikinsa, ƙarƙashin Sarkin Daji ko Sarkin Noma.
3. Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya su amince da ƙa'idar yankan reshe a bar saiwa.
4. A koya wa mata da matasa renon kariya daga iri, da aguwa da karan masallaci daga reshe, su sayar wa baƙin biki. Na reno mai araha yana kashe kasuwar na sata.
5. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda Kebbi ke cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu, ta sa aguwa cikin shingen gandayenta.
6. Ƙaramar Hukumar Augie ta yi dokar da za ta hana fitar da tsohuwar kariya daga daji ba tare da izini ba.

Kammalawa

Babu ɗaya daga cikin shawarwarin nan da ke jiran kuɗin ƙetare. Filin fako, yardar dagaci da 'yan tukwanen reno sun isa a fara kafin damina mai zuwa. Ina roƙon taron nan ya fitar da kwamiti da zai kai maganar gaban Majalisar Masarautar Argungu, domin idan umarni ya fito daga can, ƙauye zai ji.