Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: darasin masallacin Yama



Ƴan uwana matasa, maza da mata, ina yi mana barka da wannan rana ta tunawa da kafuwar ƙungiyarmu. An ce in yi magana a kan gine-ginen tarihi na karkararmu, to zan fara da abin da ya taɓa zuciyarmu duka. A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Da yawa daga cikinku kun ga hoton a waya, kun yi salati, kun tura wa abokai. In har ginin da ke tsakiyar babban gari, kusa da fadar sarki, zai iya zubewa haka, yaya ke nan wanda ke ƙauye, inda babu mai ɗaukar hoto?

Ku biyo ni mu je wani ƙauye, Yama, a gundumar Illela ta jahar Tawa. A 1962 mutanen garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a nasu na kansu. Suka ɗora aikin a kan wani ɗan garin, manomi kuma magini, Falke Barmu. Kowa ya kawo abin da yake iyawa: wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace. Ginin farko mai sauƙi ne, ɗakin salla da mihirabi, da rufin soro a kan ginshiƙai.

Daga 1975 aka koma kan aikin. Falke Barmu ya sake rufin, ya yi shi da baka, ya ɗora tulluwa a tsakiya, sannan ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi huɗu, kowace da siffarta daban. An kammala a 1982. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda ake ba fitattun gine-gine na duniyar Musulmi. Ku lura fa, ƙasa ce da ciyawa da itace, irin waɗanda ke bayan gidan kowannenmu, kuma shekara 20 ke tsakanin aza tubalin farko da gamawa.

To me ya sa ginin ƙasa ke daɗewa, me ya sa kuma yake faɗuwa? Maginanmu sun san amsar. Ruwa ne abokin gabarsa, kuma ta hanya uku yake shiga: ta rufi in indararo ya toshe, ta tsaga in an bar ta ba a cike ba, ta gindi in ruwa ya kwanta a jikin bango. Maganin shi ne yaɓe a kan lokaci, kafin damina ta faɗi. Akwai kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yawan yi, wato shafe bangon ƙasa da siminti. Simintin yana tsare damshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa ba a gani, wata rana sai ɓawon ya ɓalle da ƙasar gaba ɗaya.

Iyayenmu da gayya suke wannan aiki. Yau fa? Da an gama girbi, rabin samarin ƙauye sun tafi cin rani, sai tsofaffi da yara. Sarkin magina ya tsufa, ɗansa ya koma bulo da kwano. In kuma Allah ya hore wa wani ɗan gari, abin da yake fara tunani shi ne a rushe tsohon masallaci a gina sabo.

Ba na cewa kada a gina sabo. Jama'a na ƙaruwa, sahu na buƙatar wuri. Amma ku dubi abin da aka yi a Dandaji, a jahar Tawa ɗin nan. Da tsohon masallacinsu ya yi musu kaɗan, sai aka gina sabo kusa da shi, shi ma da tubalin ƙasa, aka gyara tsohon aka mai da shi ɗakin karatu. Mata biyu masu zanen gini ne suka tsara aikin, ɗaya daga cikinsu ƴar ƙasarmu ce, Mariyama Kamara, kuma an gama a 2018. Inda kakanni suka yi sujada, nan jikoki ke buɗe littafi.

Na san wani zai ce, Malam, kula da tsohon gini ba ya kai mutum ga girmama abin da bai kamata ba? Tambaya ce mai kyau. Ba albarka muke nema a jikin bango ba. Masallaci ɗakin Allah ne, gyara shi hidima ce. Rijiyar da wani ya haƙa shekara da shekaru sadaka ce mai gudana, wanda ya yashe ta ya taimaka ladar ta ci gaba. Tsohuwar makarantar allo kuwa tana tuna mana ta hannun wa karatu ya iso garinmu.

Saboda haka ga roƙona, abu uku. Na farko, kowane reshe na ƙungiyarmu ya zagaya garinsa ya rubuta abin da ke akwai: tsohon masallaci, rijiya, zauren mai gari, ragowar ganuwa, katangar maƙabarta. Na biyu, ku zauna da tsofaffi ku tambaye su wa ya gina, a zamanin wane sarki, ku ɗauki muryarsu a waya tun suna raye. Na uku, ku sa rana ɗaya kafin ruwan farko, da izinin liman da mai gari, ku nemo magini ya nuna muku yadda ake kwaɓa ƙasa, ku buɗe indararo, ku cike tsaga, ku yi wa ruwa hanya nesa da gindin bango. Ƴan mata su ma suna da rabo, musamman wajen rubutu da jin tarihi daga bakin kakanninmu mata.

Baɗi in Allah ya kai mu wannan taro, zan so kowane reshe ya tashi ya faɗi sunan ginin da ya yaɓe. Allah ya jiƙan waɗanda suka gina mana, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.