Kalmar "Canji" a Bakin Ɗan Kasuwa

 

Kalma ɗaya za mu yi magana a kai, wato "canji". Daga Turanci muka aro ta, "change", amma ta zauna a bakinmu har ta ture "sauyi" gefe. A kasuwar Wunti, in yaron shago ya ce "Alhaji, ba canji", ƙananan kuɗi yake nufi. Wanda ya nufi 'yan canji kuwa, Riyal ko Dala yake nema. Nan Bature "exchange" zai ce, mu ne muka zuba su a tukunya ɗaya.

Hukuma ma tana da nata. A 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka koma dama. A Janairun 1973 aka yi canjin kuɗi, Fam ɗaya ya zama Naira biyu, shi ya sa jaka guda, wato Fam 100, ta koma Naira 200. A 1984 aka canza launin takardun kuɗi, aka rufe iyaka, aka ba da 'yan kwanaki kawai. Na 2015 kuwa na 'yan siyasa ne, mu bar musu kayansu.

To jama'a, ga inda muke so a tsaya. A farkon 2023, da takardar Naira ta yi wuya, sai mutum ya tura dubu goma a miƙo masa dubu takwas, wai sauran "kuɗin canji" ne. Kalmar ta zama mayafi. Malamanmu sun karantar da mu cewa kuɗi in jinsi ɗaya ne, sai daidai wa daida, hannu da hannu. Naira da Riyal na iya bambanta a yawa, amma su ma ba a rabuwa sai kowa ya karɓi nasa. Ladan aikin mai POS magana ce daban, a kai ta gaban malamai, kuma a yanka shi a fili tun kafin a taɓa na'ura.

Sai kuma "dawo an jima ka karɓi canjinka". Wallahi wannan ba canji ba ne kuma, bashi ne ya hau kanmu. Naira hamsin ce ko ɗari, mai ita kan manta, ko ya ji kunyar dawowa. A sa wa yaran shago littafi su riƙa rubuta suna da adadi, da yamma maigida ya duba.