Kafin a Haɗa Tawagar Bincike, a Fara Samo Tambayar
Laccar da aka gabatar a gaban malamai da ɗaliban manyan makarantu a Potiskum

 

Sau da yawa a makarantunmu, sai an ji TETFund ta buɗe ƙofar neman kuɗin bincike sannan a shiga neman sunaye: a ɗauko wannan daga sashen kimiyya, wancan daga sashen ilimi, a cika takarda. Wannan ba tawaga ba ce, jerin sunaye ne. Abin da ke haɗa masana fannoni daban-daban shi ne tambaya guda wadda ta fi ƙarfin kowannensu.

Ku dubi ciwon ƙoda da ya daɗe yana addabar Gashuwa da ƙasar Bade. Likita zai gane cutar, ya tura mutum wankin ƙoda, amma ba shi kaɗai zai gano tushenta ba. Ruwan sha ne? Sai masanin sinadarai ya auna rijiya da kogi. Maganin feshi ne a gonakin shinkafa? Sai masanin noma. Zafin rana ne da ƙishirwar mai yini a fadama, ko ƙwayoyin kashe ciwo da ake sha ba ƙa'ida? Nan kuwa sai wanda ya iya zama da manomi da masunci, ya yi musu tambaya da harshensu har su saki jiki. Cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina na Jami'ar Sussex ya jagoranci kafawa a 2021, ta sa hannu a wannan bincike. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne horar da matasanmu su riƙe na'urorin da kansu.

Mu ma a nan muna da tamu tambayar. Kasuwar shanun Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Wane magani ake yi wa dabba kafin a loda ta a tirela zuwa Kudu, kuma nawa ne ke saura a naman? Likitan dabbobi zai ɗebi jini, masanin tattalin arziki ya bi lissafin dillali, mai jin Fulatanci ya zauna da makiyayi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin nan, da jami'o'in Damaturu da Gashuwa, suna da mutanen.

Sai dai a yi adalci. Tun ranar farko a rubuta wanda zai yi me, da yadda sunaye za su fito a takarda. Ƙaramin malami da ma'aikacin ɗakin gwaji da suka sha rana kada a manta da su, domin su ne za su gaji aikin.

Roƙona ga shugabannin sassa shi ne, kafin zangon karatu ya ƙare, ku zauna tare da shugabannin kasuwa, ku fitar da tambaya ɗaya, ku ba ta shekara uku.