Neman Gurbin Karatun Fiziks Da Takardar Waje Mai Rauni

Laccar da aka gabatar wa ɗaliban ƙasar Faskari a Ruwan Godiya



An nemi in yi magana a kan yaranmu da suka yi sakandare a ƙasashen waje, wasu a Maraɗi, wasu a zangon Kumasi, wasu a Sudan kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, suka komo gida da sakamako mai rauni, ga shi kuwa ransu na kan ilmin Fiziks. Irin wannan yaro bai rasa hanya ba, amma lalle ya san ƙofofin da zai bi.

Da farko mu tantance ma'anar rauni. A Nijar, bisa tsarin Faransa, maki 20 ne ƙoli, wanda ya sami 10 ya ci. Masu duba takarda a can ba su da sakin hannu, saboda haka yaron da ya fito da 11 a sashen lissafi da kimiyya na Bakaloriya kada a yi masa kallon rago. Shekara 13 ya yi a makaranta, namu kuwa 12 suke yi. Sai dai magatakardan jami'a ba zai yi hukunci da wannan bayani nawa ba. Dole a fassara takardar zuwa Turanci, a kai ta Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a Abuja ta auna matsayinta. Wanda ya yi karatu a Ghana ya huta da wannan zirga-zirga, domin jarrabawar WAEC ɗaya muke yi da su.

Abin da jami'o'inmu ke nema a sashen Fiziks sananne ne: kiredit biyar, a cikinsu har da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit kuwa daga C6 yake zuwa sama. D7 a Lissafi ba ya shigar da kowa, ko ɗan wane ne. Shawarata ga mai takardar waje mai rauni ita ce kada ya ɓata shekara yana roƙon alfarma daga ofis zuwa ofis. Ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ya mallaki takardar da ba a gardama a kanta. Wanda ya yi karatu da Faransanci ko Larabci, Turanci ne babban dutsen da ke gabansa, sau da yawa ma ya fi Lissafi kayar da su. Ya san abin da ake tambaya, amma kalmomin tambayar sun ɓoye masa shi.

Daga nan sai hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake yi a kan kwamfuta, watau Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, maki 400. Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, abin da iyayen da suka haifi 'ya'yansu a waje kan manta har lokaci ya ƙure. A nemi kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma tun da wuri, gama jami'o'in tarayya suna ware kaso ga jihohin da ke kewayensu da kuma waɗanda aka bari a baya wajen ilmin zamani, Katsina kuwa tana ciki.

Akwai wata ƙofa da ta fi kusa da mu. A Funtuwa, nan bayan gida, Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fagen shiga jami'a. Akwai kuma shirin IJMB, wanda jami'ar ke gudanarwa tun 1976. Wanda ya ci shi da kyau yana iya shiga aji biyu kai tsaye. A ganina wannan ta fi dacewa da ɗan Bakaloriya, domin Lissafinsa ya riga ya yi nisa, shekarar za ta tafi ne wajen gyara harshe.

Wani zai ce Fiziks ba shi da kasuwa. Gaskiya ne masu nemansa ba su kai masu neman likitanci yawa ba, shi ya sa makin shigarsa kan fi sauƙi a Zariya da Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Amma kada sauƙin shiga ya ruɗe ku, lissafin aji biyu ba ya jin roƙo. Game da aiki kuwa, makarantunmu na ƙauye suna kukan rashin malamin Fiziks, asibitocin da ke gasa cutar daji suna bukatar masu auna ƙarfin haske, ga masu binciken ruwa da ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa. A Samaru ma akwai Cibiyar Binciken Makamashi, inda ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike take aiki tun 2004.

Duk mai ɗa ko ƙane a wannan hali, ya kawo mini kwafin takardarsa bayan an tashi, mu duba ta darasi darasi kafin a buɗe rajistar bana.