Jawabi ga ƴan makarantar manya: labarun mulki, na kokowa da na al'adu

 

Yau labari ya yi yawa. Yana shigowa ta radiyo, yana shigowa ta salula, yana shigowa da direban mota ran kasuwa. Wani gaskiya ne, wani ji-ta-ji-ta. Magabata sun ce jiki ya fi kunne ji. Haka ne, don abin da aka yanke a Yamai yana isowa har cikin rumbu da aljihun manomi. Shi ya sa aka tattaro manyan labarun shekarun nan, kowane da ranarsa da shekararsa. Ku saurara, ku karanta, ku riƙe.

Sha'anin mulki

Ran 26 ga watan Yuli na shekarar 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin shugaba Bazum Mohamed, suka tsare shi. Suka kafa majalisar da ake kira CNSP. Janar Abdurahaman Tiani ne ya zama shugabanta.

Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta yamma, wato CEDEAO, ba ta yarda da wannan juyin mulki ba. Ta sa wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turowa. Mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin wahalar lokacin. Daga Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, manyan motoci sun yi layi sun tsaya. Shinkafa da magani suka yi tsada. Mai albasa da mai bisashe suka rasa hanyar kai kayansu kudu. Iyakar nan kuwa ta raba ƴan uwa ne na jini, masu auren juna, masu cin kasuwa ɗaya.

Ran 24 ga watan Fabrairu na 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin. Cikin watan Maris na wannan shekara aka buɗe iyakar Nijar da Najeriya, wuta kuma ta dawo.

A tsakanin nan, ƙasashe uku sun haɗa kai: Nijar, Mali da Burkina Faso. Ran 16 ga watan Satumba na 2023 suka sa hannu kan takardar ƙawancen da ake kira AES. Ma'anar ƙawancen ita ce, in an taɓa ɗaya, an taɓa sauran. Ran 6 ga watan Yuli na 2024 shugabannin uku suka taru a Yamai, suka mai da ƙawancen tarayya. Ran 29 ga watan Janairu na 2025 fitarsu daga CEDEAO ta tabbata, kuma a ranar aka fito da sabon fasfo na AES.

Wannan magana ta shafi ƴan ci-rani, masu zuwa Kano, Legas, Abijan ko Kumasi bayan girbi. A lokacin fitar, CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar takardun mutanen ƙasashen uku, su shiga su fita, har sai an sake shawara. To amma doka tana canzawa. Duk mai niyyar tafiya ya fara zuwa ma'aikatar magajin gari ya tambaya. Ya tabbata yana da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, kuma kwanakinsu ba su ƙare ba. Tambaya a gida ta fi a tsare mutum a bakin iyaka.

Sojojin wasu ƙasashen waje ma sun fita. Na Faransa sun gama kwashe kayansu cikin watan Disamba na 2023. Na Amurka, waɗanda ke da sansani a Agadas, sun gama fita cikin watan Satumba na 2024. Aikin tsaro aiki ne mai nauyi. Jahar Tilaberi da jahar Difa sun sha hare-hare shekara da shekaru. Kudancin jahar Maraɗi ya sha fama da ɓarayin shanu da masu sace mutane don kuɗin fansa.

Cikin watan Fabrairu na 2025 aka yi babban taron ƙasa a Yamai. Daga shawarwarin taron aka rubuta kundin sake gina ƙasa. Ran 26 ga watan Maris na 2025 Janar Tiani ya zama shugaban jamhuriya na tsawon shekara 5, wa'adin da kundin ya ce ana iya sake dubawa. A ranar kuma aka rushe dukan jam'iyyun siyasa.

Abin da ya shafi aljihu

Ga labaru uku da kowane magidanci ya kamata ya sani.

Na ɗaya, cikin watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin esansi. Litar da ake sayarwa dala 108 a gidan mai ta koma dala 100 ba tamma ɗaya.

Na biyu, daga ran 1 ga watan Satumba na 2024 aka rage rabin kuɗin ganin likita, da na kwanciya, da na awon jini a gidajen likita na gwamnati. Haihuwa kuma aka ce kyauta ce. Don haka kada maigida ya bar mai naƙuda a ɗaka don tsoron kuɗi. In ka biya wani abu, ka nemi takardar biya, ka duba abin da aka rubuta.

Na uku, cikin watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Dalilin shi ne cimaka ta zauna cikin ƙasa, farashi ya sauka. Mai saye ya ji daɗi. Manomin wake da ya saba sayar wa ƴan kasuwar kudu ya ji a jikinsa. Duk mai son ketare iyaka da buhu ya fara tambayar ma'aikatan duwan halin da doka take ciki, kada a kama masa kaya.

Damanar 2024

Damanar 2024 ba za a manta da ita da wuri ba. Ruwa ya zuba fiye da kima. Mutane sama da 300 sun rasu a cikin ƙasa, wasu ruwa ya tafi da su, wasu gini ya faɗa musu. Waɗanda ɓarnar ta shafa sun fi miliyan 1. Jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Sai da aka ɗage komawa lakwal zuwa ran 28 ga watan Oktoba, don iyalai da yawa a cikin azuzuwa suka fake.

Ran 3 ga watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne, ya fi shekara 150 a tsaye. Kaka da kakanni sun yi salla a cikinsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Masu rai kuma su ɗauki darasi. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa. A yi yaɓe, a gyara indararo tun kafin ruwan fari ya sauka.

Filin kokowa

Yanzu sai labarin da ke tara yaro da babba a gindin radiyo. Kokowar takobi ta ƙasa an fara ta a Tawa a shekarar 1975. Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. Bayansa an ga mazaje kamar Salma Ɗan Rani, Langa-Langa da Balla Haruna. Kowace jaha cikin jahohi 8 tana kawo ƴan kokowa 10. Mutum 80 ke nan, takobi kuwa ɗaya ne. Wanda ya kai ƙasa ya fita daga neman takobi.

A ƙarshen shekarar 2023 aka yi karo na 44 a Agadas. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi. Wannan shi ne na 6 a hannunsa, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Da shekara ta kewayo, cikin watan Disamba na 2024, aka kai kokowa Doso, gidan Isaka Isaka. Mutane da yawa sun ɗauka takobi zai kwana a gida. Sai ga Abba Ibrahim na Yamai ya tafi da shi. Haka fili yake. Yau gare ka, gobe ga wani.

Akwai abin koyi a nan. Ɗan kokowa yana shigowa da layu da kirari, makaɗa suna zuga shi. Amma in an kada shi, yakan tashi ya rungumi wanda ya kada shi. Bahaushe, Bazabarme, Bafillace, Babarbare da Buzu duk fili ɗaya suke shiga, alƙali ɗaya ke hura musu usur.

Fim da waƙa

Masu kallon fim ɗin Hausa na Kano sun yi rashi a shekarar 2024. Saratu Giɗaɗo, wadda aka sani da Daso, ta rasu cikin watan Afrilu. Cikin watan Janairu na wannan shekara kuma gwamnatin Najeriya ta naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar fina-finai ta ƙasar.

Nijar ma tana da nata. Aisha Maki, ƴar Damagaram, ta yi fim a 2021 mai sunan garinsu. Ya nuna rayuwar matasan unguwar Kara-Kara marasa aikin yi, kuma an kalle shi a ƙasashe da yawa. Mawaƙan Buzaye masu gita, Bombino na Agadas da Mdou Moctar na jahar Tawa, suna wasa a Turai da Amurka da harshensu na Tamajak.

Cikin watan Oktoba na 2024 aka canza sunayen wasu wurare a Yamai. Babban titin da ke da sunan Janar de Gol na Faransa ya koma titin Jibo Bakari, ɗaya daga cikin waɗanda suka nemi ƴancin ƙasa. Gidan al'adun da Nijar da Faransa suka yi tarayya a kai ya koma gidan Mustafa Alasan. Shi Mustafa Alasan yana cikin mutanen farko da suka yi fim a Nijar. Ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015.

Maganar harshe

An bar wannan labari a ƙarshe don shi ya fi shafar ƴan makarantar manya. Kundin da aka fitar cikin watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Faransanci da Ingilishi su ne harsunan aiki. Kundin ya kuma lissafa sauran harsunan da ake magana da su a Nijar, kamar Zabarmanci, Fillanci, Barbarci, Tamajak, Tubanci, Gurmanci da Larabci.

Wasu sun yi murna. Wasu masu sauran harsuna kuwa ransu bai so ba, suna tsoron a danne nasu. Wannan tsoro ba abin raini ba ne. Bai kamata mai jin Hausa ya ɗaga wa maƙwabcinsa kai ba. Harshen da ake ciniki da shi a kasuwa na kowa ne. Nijar tana da maganin irin wannan saɓani tun zamanin kakanni, wato wasan taubasai da ke tsakanin ƙabilu. Bamaguje ko Ba'are ya tsokani abokin wasansa, a yi dariya, a rabu lafiya. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a shekarar 2014. A riƙe ta da kyau.

Abu na biyu, doka ba ta koya wa kowa baƙi da wasali. An rubuta Hausa harshen ƙasa ce, amma wanda bai iya karatu ba, ko da Hausa aka rubuta takarda, sai ya nemi mai karanta masa. Wasiƙar ɗansa da ke ci-rani, wani ne zai fara jin sirrinta. Lissafin bankin cimaka ko na ƙungiyar mata, wani ne zai riƙe littafin. Awon taki da ranar rigakafin yara, sai abin da aka gaya masa. Wanda ya iya karatu kuwa, idonsa ne shaidarsa.

Don haka, duk labarin da ya iso gari, a yi masa tambaya uku. Wa ya faɗa? Yaushe abin ya faru? An ji shi a radiyo ko an gan shi a rubuce? Sau da yawa muryar da ake turowa ta salula ba ta da suna, ba ta da rana. Wani lokaci tsohon hoto ne na wata ƙasa ake cewa na jiya ne. Irin wannan ya sha sa mutane sayar da hatsi da arha don tsoro, ko su ƙi kai yara rigakafi. Wanda bai tabbatar ba, kada ya tura wa wani.

Malaman makaranta su karanta wannan jawabi tare da ɗalibai, sashe sashe. Kowane ɗalibi ya zaɓi labari ɗaya, ya rubuta ranarsa da shekararsa cikin littafinsa. Daga nan a yi shawara kan tambayoyin nan:

1. Wane labari ne cikin waɗannan ya fi taɓa garinku?
2. Mutum nawa ne a gidanku ke da takardar haihuwa?
3. Wace ji-ta-ji-ta ce ta taɓa shigowa garinku, daga baya aka gane ƙarya ce?

Mai zuwa makaranta ya jawo maƙwabcinsa. Maigida ya bar matarsa da ƴarsa su zo. Allah ya ba da damana mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.