Ƙuri'ar Bakin Ruwa



Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane daga gungayensu. Wutar lantarki ta tafi birane, mutanen bakin ruwa kuma aka bar su da fitilar hannu.

Amma da kakar zaɓe ta kama, babu gungun da ya yi wa ɗan takara nisa. Zai shiga kwale-kwale, har da taliya da atamfa da sabulu.

To, 'yan mazaɓar Yauri da Shanga da Ngaski, idan ya zo, ku zaunar da shi. Ina yake a watan Mayun 2021 da jirgi ya nutse da mutane a Warra? Ina yake a watan Yunin 2021 da aka kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri? Rigunan kariya nawa ya kawo wa matuƙa jirage?

Kada wani ya ce muku ƙuri'a ɗaya ba ta komai. Zaɓen gwamnan Kebbi na 2023 bai kammalu ba sai da aka koma rumfuna ranar 15 ga Afrilu.

Ku adana katinku na zaɓe, kada ku ba kowa ajiya.