Yaron Shago Da Takardar Shaida

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu 'yan kasuwa da suka bar shaguna a hannun yara suka zo, da ƙannena ɗalibai.

Na san abin da ke ran wasu daga cikinku: yanzu saye da sayarwa ma sai an je makaranta? Kuna da hujja. Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari sun yaye attajirai ba tare da allo ko alli ba. Yaro ya fara da shara da ɗauko abinci, ya koyi ninke atamfa da auna yadi, ya gane mai saye daga mai taya kawai, ya san inda ake cewa albarka da inda ake sallamawa. Bayan shekaru ubangida ya ba shi jari.

Sai dai duk ƙwarewar nan a bakin ubangida take. In ya rasu, ko ya karye, ko yaron ya nemi aiki a wani babban kanti a Abuja, wa zai shaide shi? Takarda za a tambaye shi, ya tsaya yana sosa ƙeya, alhali ya fi mai tambayar sanin ciniki.

Birtaniya ta shiga wannan matsala, shi ya sa a 1986 ta kafa tsarin shaidar sana'a na NVQ. A nan gida, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, ita ke riƙe da irin wannan tsari hawa-hawa, har da tantance abin da mutum ya riga ya koya a bakin aiki. An yi wa masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna irin wannan tantancewa. Abin da ya burge ni shi ne, mai tantancewa ne ke zuwa wurin aikinka, ya ga yadda kake tarbar mai saye, yadda kake ƙirga kaya, yadda kake yi da wanda ya dawo da abu yana faɗa.

To me karatun zai ƙara wa wanda ya iya? Ku ba ni aron hankalinku. Ka sari turmi naira 8,000, ka sa masa 10,000. Ribarka 2,000, wato kashi 25 cikin ɗari na kuɗin sari. Sallah ta wuce, kasuwa ta yi sanyi, ka ce a yi ragin kashi 25, ai uwar kuɗi ta fita. Ba ta fita ba. Kashi 25 na 10,000 shi ne 2,500, ka sayar 7,500, kana cin ɗari biyar daga jarinka a kowane turmi kana murmushi. Na ga wasu iyayenmu na gyaɗa kai, da alama abin ya taɓa gilmawa ta layinsu. Irin wannan asara ba ta ihu. Aljihun tebur cike yake da kuɗi kullum, sai ranar komawa sari a ga kuɗin ba su kai ba, a fara zargin yaro.

Sauran darussan gajeru ne: tsohon kaya a gaba, sabo a baya, duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, kada a saki kaya don an nuna maka alat a waya sai kuɗi sun shigo, littafin bashi daban da na ciniki.

Fargabata ɗaya ce, kada a turo mana masu tantancewa da ba su taɓa wuni a shago ba. Don haka roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, ku zaɓo dattawanku masu karatu a horar da su, su zama su ne masu tantance yaranmu. Sai mu ji tambayoyinku.